Shirun Ahouna: abin da ya kamata ku sani game da ciwon damuwa da gudun abin da ke cikin zuciya

Duk wanda ya zauna ajin lise a Jamhuriyar Benin, da wuya a ce sunan Ahouna bai taɓa ratsa kunnensa ba. Shi ne tauraron littafin Un piège sans fin, wato tarko marar iyaka, wanda Olympe Bhêly-Quenum ya rubuta da Faransanci, aka buga shi a Paris a 1960, shekarar da Dahome, wato Benin ta yau, ta karɓi mulkin kanta. Marubucin ɗan Ouidah ne, can kudu bakin teku, an haife shi a 1928, amma a arewa ya kafa labarinsa, ƙasar shanu da gonakin hatsi. Sunayen mutanen ciki ma ba baƙi ba ne ga wanda ya tashi a Parakou ko Djougou: Bakari, Mariatou, Séitou, Anatou. A 1981 Dorothy Blair ta mayar da shi Ingilishi.

Idan aka tambayi ɗalibi me ya kashe Ahouna, amsa uku ce ke zuwa: mulkin mallaka, ƙaddara, ko kishin matarsa. Dukansu suna cikin littafin, kuma su malami ke son gani ranar jarrabawa. Akwai ta huɗu da ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ta fi kusa da rayuwar matasan da ke haya a ɗakunan Banikanni yau suna karatu a Jami'ar Parakou. Ita ce yadda baƙin ciki ke rikiɗa ya zama ciwo idan ya rasa mafita, da yadda mai ciwon ke gudun duk abin da zai tuna masa, har gudun ya zo ya fi ciwon ɓarna.

Ahouna ya tashi a Kiniba cikin wadata. Ubansa Bakari mutum ne mai garke da gonaki, mai girma a idon jama'a. Masifu suka yi ta bin gidan: annoba ta faɗa wa dabbobi, fara ta cinye amfanin gona, 'yar'uwarsa Séitou ta bi wani Bature ya yi mata 'ya'ya ya watsar da ita. Duk wannan gidan ya shanye, ya sake miƙewa. Abin da bai shanyu ba shi ne aikin tilas. A zamanin Faransa, kafin dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi, kumandan na iya sa a kwaso maza su yi aikin hanya ko gini ba ko sisi. Aka kwaso Bakari, dattijo mai iyali, aka zane shi da bulala a gaban mutanen da suka saba girmama shi. Bai iya ɗaukar wannan wulaƙanci ba, ya halaka kansa. Ahouna yana saurayi a lokacin.

Daga nan ya ɗauki gida a kansa. Shi da Camara, wanda ya auri Séitou, suka farfaɗo da gona da garke. Yana kiwo, yana busa sarewa, yana tsara waƙa. Ya ga Anatou 'yar Fanikata, ya aure ta, suka haihu. Mai kallo daga waje zai ce yaro ya yi dauriya, Allah ya share masa hawaye. Sai Anatou ta fara zarginsa, wai waƙoƙinsa wata yake yi wa, busarsa kiran wata ce. Zargin bai tsaya nan ba, ta shiga ce masa mai kisan kai take gani in ta dube shi. Manya sun sa baki, abin ya ƙi mutuwa. Ahouna ya fice ya bar uwa da 'ya'ya da garke, ya nausa kudu ba tare da sanin inda za shi ba. A cikin wannan gararamba ya kashe wata mata mai suna Kinhou wadda bai taɓa sani ba. Aka kama shi, aka ɗaure shi a kan itace mai siffar gicciye, aka kai shi kurkukun Ganmê. Daga baya wani daga dangin matar, Houngbé, ya yaudare shi suka tsere tare, ya miƙa shi ga masu neman fansa, suka ƙone shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ginin littafin. Kashin farko Ahouna ne da bakinsa yake ba da labarin rayuwarsa, tun daga ƙuruciya, ga wani mutum mai suna Houénou wanda ya tsince shi a hanya cikin tsumma da yunwa ya kai shi gida. Wato ranar da ya samu wanda zai zauna ya saurari komai daga farko har ƙarshe, baƙo ne, kuma an riga an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Yadda nake karanta littafin, shekarun da suka biyo bayan mutuwar Bakari ba shekarun warkewa ba ne kaɗai. Aiki da sarewa sun riƙe Ahouna, sun ba shi abin yi da hannunsa, amma da zarar aka taɓa mutuncinsa kamar yadda aka taɓa na ubansa, komai ya ruguje lokaci ɗaya.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Ahouna mutumin littafi ne, Bhêly-Quenum bai rubuta takardar likita ba, kuma ba daidai ba ne a liƙa wa wani cuta daga nesa. Na biyu ya fi muhimmanci: ciwon damuwa ba ya mayar da mutum mai kisan kai. Kisan Kinhou hanya ce da marubuci ya bi da labarinsa. A rayuwa ta gaskiya, mai wannan ciwo kansa yake cutarwa, da shiru, da janyewa, wani lokaci da abin da Bakari ya yi. Wanda ya fita daga littafin yana tsoron masu damuwa ya karanta shi a baibai.

To mene ne ciwon kansa? Kowa na baƙin ciki. Wanda aka yi wa rasuwa, wanda ya faɗi jarrabawar bak, wanda kayansa suka maƙale a kan iyaka, dole ransa ya ɓaci, kuma yawanci kwanaki na tafiya abin na sauƙi. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa idan ɓacin ran, ko mutuwar sha'awar duk abin da mutum ya saba jin daɗinsa, ya zauna kusan duk yini, kusan kowace rana, har mako 2 ko fiye, kuma ya hana shi aikinsa ko karatunsa ko zama da mutane. Tare da wannan sai barci ya lalace, mutum ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa, ko kuma ya yini a kwance. Abinci ya fita daga ransa. Jiki ya mutu, wanka ma ya zama aiki. Ya karanta shafi ɗaya sau da yawa bai riƙe komai ba. Ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, laifin kowa nasa ne, gobe ba ta da wani alheri. A mataki mai tsanani sai tunanin mutuwa ya fara zuwa masa a matsayin hutu.

Ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma na masu kuɗi ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi, wajen kashi 5 cikin 100 na manya, kuma ya fi kama mata a kan maza. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna shiga cikinsa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun kowace irin kulawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne a wajenmu ciwon da jiki yake shigowa asibiti. Mutum ba ya cewa ina baƙin ciki. Cewa yake kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, tunani ya yi mini yawa. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wata ya bi wata, ba wanda ya tambaye shi yadda yake kwana.

Dalilansa ba ɗaya ba ne. Akwai gado, akwai ciwon jiki mai daɗewa, akwai giya da ƙwaya, akwai haihuwa, akwai kuma abin da duniya ta yi wa mutum. A kan wannan na ƙarshe wasu masu bincike biyu na Ingila, George Brown da Tirril Harris, sun yi aikin da har yau ake komawa gare shi. Sun bi rayuwar mata a unguwar Camberwell ta Landan, suka fitar da sakamakon a 1978: yawancin waɗanda ciwon ya kama wani babban abu ne ya same su kafin nan, kuma macen da take da wanda take buɗe wa cikinta ta fi tsira ko da masifar iri ɗaya ce. A 1995 suka ƙara gano cewa ba kowace masifa ce ke da dafi ɗaya ba. Wadda ta haɗa da wulaƙanci, da wadda ke sa mutum ya ji an rufe shi ba ƙofar fita, sun fi rashi tsagwaronsa jefa mutum cikin ciwon. Bhêly-Quenum ya riga su gani da shekara 35. Bakari ya jure mutuwar shanu da fara, bulala a bainar jama'a ce ta karya shi. Sunan littafin kuma tarko ne. An kuma tabbatar cewa 'ya'yan wanda ya kashe kansa sun fi sauran yara shiga haɗarin ciwon, shi ya sa gidan da irin wannan ta faru yake bukatar a daɗe ana leƙa shi bayan an watse daga zaman makoki.

Yanzu ga batun gudu, wanda shi ne zuciyar maganar. Idan abu na yi wa mutum ciwo a rai, abu mafi sauƙi shi ne ya kauce masa: kada ya tuna, kada ya ambata, kada ya je inda za a tambaye shi. Kuma gaskiya kaucewar tana ba da sauƙi nan take, wannan shi ne sharrinta. Kamar mai bashi ne da ya hango mai binsa ya sauya lungu. Yau ya tsira, zuciyarsa ta kwanta, gobe sai ya sake. Kafin wata ya ƙare rabin titunan gari sun haramta gare shi, bashin kuwa yana nan yana ƙaruwa. Haka mai damuwa yake rage duniyarsa da hannunsa. Ya daina zuwa majalisa don kada a ce me ya same ka, ya daina ɗaga waya, ya daina zuwa aji don ya riga ya yi fashi da yawa. Kowane abu da ya bari yana cikin abubuwan da a da suke ɗan faranta masa, saboda haka ransa ya ƙara duhu, duhun ya ƙara masa dalilin janyewa.

Tunani ma ba ya korewa da umarni. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane su zauna na 'yan mintoci kada su kuskura su tuna wata farar dabbar ƙasar ƙanƙara. Suka kasa, kuma da aka sake su daga baya, sai ta fi yawan faɗo musu a rai a kan waɗanda ba a hana ba tun farko. Duk wanda ya taɓa kwana yana ce wa kansa daina tunanin nan ya san wannan ba sai an gwada masa ba.

Gudun Ahouna da ƙafa ne. Akwai wani yaron littafi da ya yi nasa da baki, kuma ya kamata a san shi domin irinsa sun fi yawa a cikinmu. Shi ne Holden Caulfield na littafin The Catcher in the Rye, wanda J. D. Salinger ya fitar a Amurka a 1951. Yaro ne ɗan shekara 16, ɗan masu hali, an kore shi daga makarantar kwana, maimakon ya tafi gida sai ya yi kwanaki yana gantali a birnin New York dab da Kirsimeti. Bakinsa ba ya shiru. Kowa a wajensa munafuki ne, malamai, 'yan ajinsu, 'yan fim. Mai karatu na iya yin nisa yana dariya kafin ya lura da abin da yaron ke kewayewa. Ƙanensa Allie ya rasu da sankarar jini yana ɗan shekara 11, lokacin Holden na da 13. A daren rasuwar ya farfashe gilasan garejin gidansu da hannu, har ya ji raunin da ya hana shi halartar jana'iza. Shekara 3 bayan haka yana yawo da safar wasan ƙwallon yaron a cikin kayansa, amma da ya kusanci maganar sai ya sauya zance. Akwai wata yarinya, Jane, da ya san za ta fahimce shi. Sau da yawa yana tsayawa gaban waya da niyyar kiranta, sai ya ce wa kansa ba yanzu ba. Da ƙanwarsa Phoebe, 'yar shekara 10, ta matsa masa ya faɗi abu ɗaya tak da yake so a duniya, sunan mamacin ya kira. Labarin gaba ɗaya daga wani gidan jinya a Kalifoniya yake ba da shi.

Darasin Holden shi ne cewa mai ciwon damuwa ba dole ne ya kasance mai kuka a lungu ba. A matasa, musamman maza, abin kan fito da fushi, da raina kowa, da barkwanci marar ƙarewa, da faɗuwar maki ba dalili. Ku ɗauki ɗalibin da ya zo daga ƙauye, iyaye sun sayar da auduga ko doya sun kama masa ɗaki a Banikanni. Ya faɗi shekara, ya kasa faɗa wa gida. Inna ta kira, ya ce lafiya lau, karatu sai godiya. Ya daina shiga aji, ya koma barcin rana, dare kuma yana kan waya har asuba, yana cacar ƙwallo ko yana kallon abin da ba zai tuna ba gobe. Wani ya ba shi tramol ya ce zai ba shi ƙarfi. Abokan ɗaki suna cewa ya zama malalaci, ko ya fara girman kai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da baƙin ciki a ido, amma kowanne hanya ce ta kauce wa jimla ɗaya da ya kasa furtawa. Ga mace kuwa, sau da yawa aiki ne mafakar: amarya ko mai jego da ba ta zama, shara, wanki, girki, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai da zuciyarta, kowa na yaba ƙoƙarinta.

Nan ne al'adarmu take shigowa, kuma ba na cikin masu ɗora mata laifi duka. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara da dauriya. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaro ba ya kai ƙarar zuciyarsa gaban ubansa, namiji ba ya kuka a gaban mata, ba a tona asirin gida. Waɗannan ɗabi'u sun riƙe mutane a cikin yunwa da hijira da baƙunta, tun zamanin da fatake ke ratsa Djougou da goron Gwanja zuwa Kano. Matsalar ita ce shirun mai haƙuri da shirun mai ciwo kamarsu ɗaya daga waje. Bambancin yana nan: mai haƙuri ya san abin da ya same shi, ya kalle shi, yana iya ambatarsa in ta kama, kuma yana ci gaba da cin abinci da sana'a da zumunci. Mai gudu ba ya iya kallon abin ko kaɗan, kuma rayuwarsa tana tsukewa mako bayan mako. Idan muka ce wa na biyun ka yi haƙuri, kai namiji ne, mun ƙara masa dalilin yin shiru ne kawai.

Mafi ciwo shi ne a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya kai idanunsa suka yi fari, kuma bai ɓoye cewa yana kai kukansa ga Allah ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Malaman Musulunci kuma sun daɗe da sanin cewa wani baƙin cikin cuta ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana son magani, na farkon kuma ana taimaka masa da magana mai taushi da gyaran tunani. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya je wajen malam ya samu natsuwa, madalla, amma idan mako ya bi mako ba ya barci ba ya ci, a haɗa da likita, kada a tsaya ana neman wanda ya yi masa sammu.

Ciwon yana jin magani, wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Hanya ta farko magana ce da wanda aka horar, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka fi aiki kai tsaye take tunkarar gudun. Ba a jira sai mutum ya ji sha'awa sannan ya motsa, domin a wannan ciwo sha'awar bayan motsi take zuwa. Ana zama da shi a tsara ƙananan abubuwa: gobe ka yi wanka ka fita sallar asuba a jam'i, jibi ka shiga darasi ɗaya ko ba ka gane komai ba, ranar Juma'a ka kira Yaya ka gaya masa gaskiyar sakamakon. Wani babban gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 2016 ya nuna wannan dabara, a hannun ƙananan ma'aikatan lafiya, ta yi aiki daidai da doguwar jinyar ƙwararru. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muke da gwaggo da inna a kowane gida, wannan ba abin da zai gagare mu ba ne.

Hanya ta biyu ƙwayoyi ne, irin su fluoxetine da amitriptyline, ga wanda ciwonsa ya yi nauyi. Ba sa aiki a rana ɗaya, sukan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi don kada ciwon ya dawo. Ba a yanke su farat ɗaya, ba a saye a tebur ko a hannun mai yawo da magani a kasuwar Arzèkè. Likita ne ke rubutawa, domin akwai masu wani ciwon dabam, wanda damuwa ke musanya da tashin hankali da rashin barci da ɓarnar kuɗi, waɗanda waɗannan ƙwayoyi su kaɗai za su iya rikita su.

A Parakou, babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Kwatano akwai asibitin Jacquot. A Djougou akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille, mai reshe kuma a Bohicon da Avrankou. Wanda ya kafa ta, Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin ne mai facin taya da ya yi arziki da motocin haya a Kodebuwa, ya yi asarar komai, ya shiga damuwar da ta kai shi tunanin kashe kansa, kamar yadda shi da kansa yake faɗa. Da ya farfaɗo sai ya ba da rayuwarsa ga kwance masu taɓin hankali daga mari da sarƙa. Ƙungiyar ta Kiristoci ce amma tana karɓar kowa. Waɗanda ke tsallaken iyaka suna da asibitin Kware a Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano. Zuwa waɗannan wurare ba ya nufin mutum ya haukace. Kuma ko ƙaramin asibitin unguwa ya isa a fara da shi, muddin za a gaya wa ma'aikacin gaskiyar abin da ke faruwa, har da batun barci da tunani, ba ciwon kai kaɗai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ke zaune da mai ciwon shi ma yana da aiki, kuma ba wa'azi ba ne. Yaya lafiya ba ta buɗe komai, amsarta a shirye take. Abin da ke buɗewa shi ne a faɗi abin da aka gani: ƙanena, na lura kwana biyu ba ka fita, abincinka ma yana dawowa, zo mu zauna. Sannan a yi shiru a jira. In ya ce ba komai, kada a yi fushi, a dawo gobe. In ya fara magana kada a katse shi da labarin wanda ya fi shi shan wahala. Uba da ba zai iya irin wannan zama da ɗansa ba, saboda kunyar da ke tsakani, ya tura kawu ko abokin wasa, al'ada ta riga ta tanadi waɗannan mutane don maganar da ba ta faɗuwa a gaban mahaifi.

Idan kuma mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce kun kusa hutawa da ni, ko ya shiga rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma wannan na cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A ƙasarmu ta noman auduga akwai ƙarin abin lura: maganin ƙwari na cikin ɗakuna da yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da shi suke yi, galibi cikin wani ɗan lokaci na ƙunci da zai wuce in an tsallake shi. Da ƙasar Siri Lanka ta haramta mafi dafin waɗannan magunguna, yawan masu kashe kansu a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Saboda haka a fitar da maganin feshi da tarin ƙwayoyi da makami daga inda yake, a kulle, mabuɗin ya zauna a hannun wani. Kada a bar shi shi kaɗai, ko da dare, kuma a kai shi asibiti a ranar, ba sai an gama shawara da dangi na nesa ba.